Kafin ka sa wa motarka sabon rediyo da hannunka, ka san darajar fizibil

 

Yau ina so mu tattauna kan wani aiki da kusan duk mai mota a ƙasar nan ya taɓa yi ko yana shirin yi, wato cire rediyon da mota ta zo da shi a sa sabo. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu, ga tsadar abinci ga ta mai, sai maganar rediyon mota? To ɗan'uwa, ga mai taksi ko mai Hiace, motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da wuta ke kama mota ita ce wayar da aka yi wa haɗin gambiza a bayan tablo, inda ido ba ya gani. Motar da mutum ya shekara biyar yana tara kuɗinta tana iya zama toka kafin ƴan kashe gobara su iso, saboda wata ƴar aba da kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba.

Ra'ayina shi ne mai tsohuwar mota yana iya sa rediyo da hannunsa, kuma gara ya koya ko da a ƙarshe wani zai ba aikin. Ba tsafi a ciki. Amma duk wanda zai yi shi, mai motar ne ko yaron garaji, dole ya girmama fizibil, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke ce wa fiyus, kuma dole ya san inda iyakar saninsa ta tsaya. Wanda bai shirya kiyaye waɗannan biyu ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu fara da abin da ke sa a canza rediyon tun farko, don ba kwalliya ce kawai ba. Mafi yawan motocinmu tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai ko Amurka ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Wasu suna zuwa da rediyon kaset ko na faifan CD, alhali yau wa'azi da karatun Alƙur'ani da waƙoƙi duk suna cikin salula, ko memori, ko kile USB. Wasu rediyoyin Turai, irin na Peugeot da Renault da Opel, da zarar an cire batir sai su kulle su nemi lambar sirri, lambar kuwa tana can wajen mai motar na farko a Faransa ko Baljiyam. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da tasu matsalar: rediyonsu tsallake yake yi, daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, don haka tashar da lambarta ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 ba zai zauna daidai a kanta ba, sai ka riƙa jin ta dishi-dishi. Tsofaffin rediyoyin da aka yi don Japan kuma daga 76 zuwa 90 suke kamawa, mu kuwa tashoshinmu na FM tsakanin 87.5 da 108 suke. Sai mutum ya zama yana da rediyo, amma in lambar Muryar Sahel ko Anfani ko Sarauniya a garinsa ta faɗa inda akwatin bai kai ba, labarai sun wuce shi.

Sannan ga nisan hanya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi da Tasawa, kuma FM in ka yi nisa da gari sai ta ɗauke. Direban da ke bin wannan hanya yana buƙatar abin da zai ɗebe masa kewa ya hana shi gyangyaɗi. Yana buƙatar Bluetooth don ya amsa kira ba tare da ya saki sitiyari ba. Saboda haka ban ga laifin mai son canza rediyo ba. Yadda ake yin aikin ne abin dubawa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne wutar mota ba ta jan mutum. Bolt 12 ce, ba kamar ta NIGELEC mai bolt 220 ba, kana iya dafa kan batir da hannu ba ka ji komai ba. Daga nan sai a raina ta. Amma batirin da ke juya injin mota da safe yana iya zubo ɗaruruwan amper a lokaci guda. A mota kuma jikin ƙarfen gaba ɗaya shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir, abin da masu gyara ke kira mas. Ma'ana, duk inda waya mai wuta ta feɗe ta taɓa ƙarfe, batir zai juye ƙarfinsa cikin wannan siririyar waya. Nan da nan sai ta yi jawur kamar ƙarfe a maƙera, robar jikinta ta narke, ta kama ta kusa da ita. Bayan tablo kuwa me ke akwai? Roba ce da soso da ƙura da tsofaffin takardu. A motocin haya ka ƙara da jarkar man da ake ajiyewa a ciki saboda tafiyar daji.

Nan ne aikin fizibil yake. An yi shi ne don ya mutu a madadin mota. Ɗan siririn ƙarfe ne a cikin roba, wanda in wutar da ke wucewa ta fi ƙarfin da aka rubuta a kansa sai ya narke ya yanke hanya. Launinsa ma yana faɗin ƙarfinsa: ja amper 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, tsanwa 30. Yawancin rediyoyin kasuwa suna zuwa da mai amper 10 a bayansu, akwai kuma na motar kanta a cikin akwatin fizibil da ke tsaron layin rediyo. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, na cikin akwatin nan waya yake tsaro. An auna shi ne daidai da kaurin wayar. In ka cire mai amper 10 ka sa mai 30 don wai kada ya sake ƙonewa, ka mayar da wayar ita ce fizibil, ita ce za ta fara narkewa.

Duk mun san al'adar nan. Fizibil ya ƙone, sai a ɗauko takardar taba mai ƙyalli ko silin waya a naɗe shi a mayar, rediyo ya kama, kowa ya ce ma sha Allah, gwani ya yi aiki. Wallahi wannan ba gwaninta ba ce. Fizibil ba ya ƙonewa don nishaɗi. In ya ƙone sau ɗaya, sa wani daidai ƙarfinsa. In ya sake ƙonewa, yana gaya maka ne akwai waya da ke taɓa ƙarfe a wani wuri, ko an ɗora wa layin kaya fiye da kima. Mai naɗe shi da waya kamar wanda maigadi ya tashe shi cikin dare ne ya ce ga ɓarawo, shi kuma ya kori maigadin don ya samu barci.

Yanzu ga wayoyin. Rediyoyin kasuwa, Pioneer ne ko Sony ko Kenwood ko JVC ko na China marasa suna, yawanci launi ɗaya suke bi. Rawaya ita ce mai wuta kullum, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja ita ce ta kontak, sai an murɗa makulli take samun wuta, ita ke gaya wa rediyo ya tashi ko ya kwanta. Baƙa ita ce mas. Shuɗiya ta eriya ce ko ta tayar da ampili, mai ruwan goro kuma ta hasken tablo. Sauran takwas na lasifika ne, biyu-biyu: farare gaba hagu, masu ruwan toka gaba dama, tsanwa baya hagu, shunayya baya dama, mai baƙin layi a kowane biyu ita ce ta ragi. Amma a kula, wannan launin na wayoyin rediyo ne. Na jikin motar kowane kamfani da nasa, ja a Toyota ba lalle ta zama ja a Peugeot ba. Wanda ke haɗa launi da launi ba tare da awo ba caca yake yi da dukiyarsa. Na'urar awon wuta, miltimeta, ita ce idon mai wannan aiki, kuma ana samun ta a shagunan kayan wuta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a murɗe ja da rawaya wuri ɗaya a ɗora su kan mai wuta kullum, don wai a riƙa jin rediyo ko ba makulli. Rediyon zai yi aiki, amma ba zai taɓa kwanciya sosai ba, balle irin na Android mai allo. Mu yi lissafi: in abu yana shan rabin amper dare da rana, a awa 24 ya sha amper 12, a kwana uku ya sha 36. Batirin ƙaramar mota bai fi mai 60 ko 70 ba. Sai mutum ya ajiye mota ranar Juma'a, ranar Litinin ya fito yana neman masu turi. Batir kuma in yana yawan zubewa ƙasa haka ba ya daɗewa, sai a ɗora laifin a kan mai sayar da batir. In kuma aka musanya su, rediyo zai riƙa manta agogo da tashoshi duk lokacin da aka kashe mota. Wannan yana faruwa a wasu motocin Volkswagen da Opel da gurbin wayoyin biyu ya zo a juye, gyaransa kuma musanya su ne kawai.

Akwai wata rawaya da nake roƙon kowa ya yi nesa da ita. A bayan tablo da ƙarƙashin sitiyari da kujeru, wayoyi da mahaɗai masu rawayar riga na jakar iska ne, wato eyabag. Wanda aka gaya wa “nemi rawaya, ita ce mai wuta” ya je ya soka mata ƙwan gwaji, yana iya fasa jakar a fuskarsa, ko ya lalata ta ta ƙi buɗewa ranar da ake buƙatarta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Rawayar rediyo daban, rawayar jakar iska daban.

Shi ya sa nake cewa a bar yanka wayoyin mota. Akwai adafta da aka yi don haka. Yawancin rediyoyin kasuwa da tsofaffin motocin Turai da dama suna amfani da mahaɗi iri ɗaya da ake kira ISO, gida biyu ne, ɗaya na wuta ɗaya na lasifika, kowane da gurbi takwas. Toyota da Nissan da Honda suna da nasu mahaɗin, amma akwai adafta da ke kai su ga ISO. In ka same ta, aikin ya zama soka wannan cikin wancan, kuma ranar da za ka sayar da motar kana iya mayar da rediyonta na asali. Girman akwatin ma a ƙa'ide yake: faɗin santimita 18, tsayi 5 ga ƙarami, 10 ga babba mai allo. Ka auna gurbin motarka kafin ka je kasuwa, kada ka dawo kana fafe tablo da wuƙa.

In dole sai an haɗa waya da waya, to a haɗa ta haɗin da zai jure ƙasarmu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana kai digiri 45 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Baƙin sikoc mai araha a wannan zafi gaminsa narkewa yake, ya saki. Ga girgizar hanyoyin latarit na ƙauyuka, ga ƙurar hunturu. Wayar da aka murɗe da yatsa aka naɗe da sikoc tana iya yin wata shida lafiya, ranar da za ta saki kuma ba ta sallama. A like da dalma a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ko a matse da kos. Duk wayar da ba a yi amfani da ita ba a rufe bakinta ita kaɗai. A kuma duba wayar da ake saye, don akwai wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka kankare ta da wuƙa, in cikinta fari ne ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla, kuma tana saurin karyewa. Araha ba ta ado.

Tsarin aikin kansa ba shi da tsawo. Kashe mota, zare makulli, ka kwance kan batir na ragi tukuna, wato mai alamar ( - ). Dalili kuwa, in ka fara da na tarawa kile ɗinka ya taɓa jikin mota, tartsatsi ne zai tashi. Ka dakata minti 2 ko 3 kafin ka taɓa tablo. Ka ɗauki hoton bayan tsohon rediyo da salularka kafin ka zare komai. Ka haɗa sabon, ka mayar da batir, ka gwada shi yana waje: yana mutuwa in an zare makulli? Yana riƙe agogo? Kowace lasifika tana magana a ɓangarenta? Fitilu da sigina da oda suna nan yadda suke? Sai ka tura shi ciki a hankali ba tare da ka danne waya ba, ka ɗaure shi da ƙarfensa don kada ya riƙa rawa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka yi wannan aiki daren da za ka kama hanyar Agadas ko Diffa da asuba. Ka ba shi kwana biyu a cikin gari, kana sauraren hancinka ko za ka ji ƙaurin roba.

Maganar lasifika da ampili kuma, a nan matasa suka fi shiga uku. Lasifikar mota om 4 ce. In ka rataya biyu a layi ɗaya don ƙarin ƙara, sun koma om 2, rediyon zai yi zafi ya ƙone. Haka kuma ba a kai wayar lasifikar sabon rediyo ga jikin mota kamar yadda ake yi a wasu tsofaffin motoci, kowace da wayoyinta biyu. Kada kuma lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Rediyon da fizibil ɗinsa amper 10 ne, a wutar mota mai tafiya ta bolt 14, duk abin da zai iya sha bai wuce wat 140 ba. To ina ya samo wat 1000 da aka rubuta da manyan baƙaƙe? Wanda ke son ampili kuma, wayarsa daga batir take tasowa kai tsaye, don haka ba wani fizibil na mota da ke tsaronta. Dole a sa mata nata kusa da batir, kada nisan ya wuce santimita 45. Inda za ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota a sa mata zoben roba, a kuma nisanta ta da bututun mai. Waya mai kaurin yatsa daga batir har but ba fizibil, wannan ashana ce aka shimfiɗa a ƙarƙashin kafet.

Direbobin manyan motoci, tirela da gingimari da wasu bas-bas, ku naku bolt 24 ne, batir biyu a jere. Rediyon bolt 12 in an sa shi kai tsaye nan take zai ƙone. Dabarar jawo wuta daga batir ɗaya kuma tana sa ɗayan ya riƙa zubewa ɗayan yana cika fiye da kima, a ƙarshe ka sayi biyu kafin lokacinsu. Akwai ƴar na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, ita ce maganin.

To ina iyakar mai yi da kansa? Tsohuwar Starlet ko Corolla ko 504, wadda rediyonta akwati ne shi kaɗai, bismilla. Amma sababbin motoci wani abu ne daban. A cikinsu rediyo yana magana da kwamfutar mota. Wasu ba su da wayar kontak ma sam, saƙo ne kwamfuta ke aikawa. A wasu, allon rediyon shi ne na sanyaya mota da kyamarar baya, ta cikinsa ƙarar gargaɗi ke fitowa, ga maɓallan kan sitiyari. Irin wannan tana buƙatar adafta ta musamman da mai aikin da ya san ta. In ka buɗe ka ga abin da ba ka gane ba, ka rufe ka je ka yi tambaya. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Akwai abu ɗaya da ba na goyon bayansa ko wane gwani ne ya yi shi. Rediyoyi masu allo da yawa suna zuwa da wata waya da ake haɗawa da birkin hannu, don kada bidiyo ya kunnu sai mota tana tsaye. Abin da aka saba yi shi ne a kai ta ga mas, allo ya riƙa nuna fim mota tana gudu, har ana tallar haka kamar wata bajinta. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direba ya kalli allo daƙiƙa uku, ya yi mita 75 ido rufe. A hanyarmu da amalanken jaki da garken shanu da kabu-kabu mara fitila ke fitowa ba sallama, mita 75 rayuka ne. Fasinja yana da haƙƙin ya ce malam direba a kashe fim ɗin nan. Haka nan ƙarar da ke hana ka jin odar na bayanka, ko wadda ake wucewa da ita gaban masallaci da asibiti, ba burgewa ba ce.

Wasu za su ce ai wannan cire wa masu sana'a abinci ne daga baki, a bar wa kowa aikinsa. Ina girmama masu wutar mota, akwai ƙwararru a garuruwanmu da suka shekara ashirin da talatin suna aikin, in sun haɗa maka waya har ka sayar da motar ba za ta motsa ba. Irinsu ba sa tsoron mai mota ya san abu, sun ma fi jin daɗin aiki da shi, don shi ne ke yarda ya biya kuɗin adafta da waya mai kyau. Wanda sanin mai mota ke tsorata shi ne wanda ya yi wata uku a garaji ya sayi turnabis ya buɗe rumfa. Mu ma masu motoci muna da namu kason a ciki. Mutum ya sayi rediyo mai tsada, amma a kan jika ɗaya ko biyu na aiki sai ya yi ta ciniki har mai aikin ya rage kaya. Wasu kuma za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Saboda haka ko ba za ka taɓa turnabis ba, Alhaji, ko ke Hajiya mai motar zuwa aiki, ku tsaya a kan aikin ku yi tambaya huɗu. An cire kan batir kafin a fara? Da adafta za a haɗa ko yanka za a yi? Nuna mini fizibil ɗin da ke tsaron layin nan, amper nawa ne? In na zare makulli rediyon yana mutuwa? Mai aikin da ya amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, riƙe shi da kyau. Wanda ya ce “kai dai bar mini, haka muke yi kullum”, ɗauki motarka ka yi gaba.

Ina kira ga ƴan kasuwar da ke sayar da rediyo a Katako da Kasuwar Dole da babbar kasuwar Maraɗi, masu sarowa daga Kano da Dubai da China, su riƙa kawo adafta da fizibil tare da kayan, su riƙa tambayar mai saye wace irin mota ce gare shi. Shugabannin sandikar direbobi a tashoshinmu, yadda kuke duba taya da birki kafin mota ta yi lodi, ku riƙa leƙa akwatin fizibil, wanda aka samu an naɗe da waya a sa shi ya gyara kafin ya ɗauki mutane, a kuma tabbatar akwai tukunyar kashe wuta mai aiki. Cibiyoyin koyar da sana'o'i su ba wutar mota muhimmanci, don motocin da ke shigowa yanzu waya ta fi yawa a cikinsu, yaran da ke koyo a bakin hanya kuma suna buƙatar wanda zai nuna musu awo.

Kai kuma mai karatu, in motarka tana da rediyon da aka sa mata, ko kai ka sa ko wani, gobe da safe kafin ka tayar da ita buɗe akwatin fizibil ka duba. In ka ga takardar taba ko silin waya, ka san abin yi. Ka ajiye ƴan fizibil na amper 10 da 15 a aljihun tablo, da kile mai lamba 10 don kwance kan batir in ka ji ƙaurin roba a hanya.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kai matafiya gida lafiya. Masu sana'ar wutar mota da direbobi, muna jiran jin abin da kuka gani a wajen aikinku. Wassalamu alaikum.